Rediyon Al'umma: Wa Ke Da Shi, Wa Ke Magana a Cikinsa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A ce ga ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma, yawancin mutanenta manoma, akwai rugage, akwai babbar kasuwar mako ɗaya. Ana kama tashoshin birni, amma ba a jin sunan garin a cikinsu sai an yi gobara ko ambaliya. Mutanen wurin suna son tasharsu ta FM. Daga ina ake farawa? Kuma transmita, wato na'urar da ke watsa shirin a iska, mai wat nawa za a saya? Wasu na cewa in bai kai 1000 ba wasa ne.

Baba Furodusa: Wa alaikumus salam. Ɗana, daga wutsiya ka kamo zancen. Transmita shi ne abu na ƙarshe da ake saye. Abin da ake fara warwarewa shi ne: tashar ta wa ce?

Yarjejeniyar watsa shirye-shirye ta Afirka da aka yi a Windhoek a 2001 ta kasa gidajen rediyo gida uku: na gwamnati, na kasuwanci, da na al'umma. Ƙanƙanta ba ta mayar da tasha ta al'umma. Attajiri zai iya kafa 'yar ƙaramar tasha a ƙauyensu, ya sa mata sunan garin, kuma tasa ce. Ta al'umma ita ce wadda mutanen wurin suka mallaka ta hannun ƙungiya, su suke zaɓen masu tafiyar da ita, su suke yin shirye-shiryen, kuma duk abin da ya shigo cikinta yake komawa, ba a raba riba.

A Najeriya abin ya zo a makare. An kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, a 1992, tashoshin 'yan kasuwa suka biyo baya, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, jami'o'i ma suka samu nasu irin su BUK FM. Amma lasisin al'umma na ainihi sai a 2015 aka amince da guda 17 na farko, ciki har da na Lavun da ke Kutigi a jihar Neja. Ghana ta riga mu nesa, Radio Ada tana magana da harshen Dangme tun 1998.

Na Maraɗi: Baba, ranka ya daɗe, kada a mance da Nijar. Wanga aiki tun 1999 aka soma shi a Bankilare, cikin jihar Tillaberi, da 'yar ƙaramar transmita mai aiki da hasken rana, aka kuma raba wa mutane rediyoyin da ake wanawa da hannu, babu batir. Yau tashoshin karkara a ƙasar sun haura ɗari. Kahin nan ma akwai ƙungiyoyin masu sauraro tun 1962, mutane su taru su ji shiri, su yi mahawara, a ɗauki muryarsu a kai gidan rediyo.

Amma darasin da ke ciki shina da ɗaci. Tashar da aka kawo wa gari kyauta, ranar da batir ya mutu ko tsawa ta ƙone transmita sai ta yi shiru wata da watanni, kowa na jiran mai kyautar ya dawo. Wadda mutane suka zuba jikkunansu a cikinta ita ce ake tashi a gyara.

Injiniya: Bari in cire wa Ɗan Auta maganar wat 1000 daga kai. FM kamar hasken fitila yake, abin da eriya ta hango shi take kai wa. Lissafin nisan hangen: tushen murabba'in tsawon turken da ake ɗora eriya a kai, a mita, sau 4.1, ya ba ka kilomita. Turke mai mita 30 zai ba ka kimanin kilomita 22, ka ƙara biyar ko shida na tsayin rediyon mai sauraro, ka samu kusan 28 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. In ka ninka ƙarfin transmita, nisan da za ka ƙara bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, amma kuɗin wuta ya ninka. In ka ninka tsawon turke kuwa, kamar ka ninka ƙarfin sau huɗu ne, kuma turke ba ya shan mai. Don haka a fara neman tudu mafi tsayi a garin tun kafin a zaɓi inda za a gina situdiyo.

Ga ƙaramar hukuma ɗaya, wat 300 ya isa, in an yi abu biyu daidai. Na farko eriya: a jera guda huɗu a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Suna matse siginar ta bi ƙasa maimakon ta tafi sama inda babu mai sauraro, ƙarfin ya ninka kusan sau huɗu. Na biyu kebul, kuma nan ne ake tafka asara ba a sani ba. A tsawon mita 40, siririn RG-58 zai cinye kashi uku cikin huɗu na wutar kafin ta isa sama. RG-213 zai cinye kusan rabi. Mai kauri na rabin inci, wanda cikinsa kumfa ne, kashi ɗaya cikin biyar kawai yake ci. Da shi da eriya huɗu, wat 300 ɗinka ya zama kusan 1000 a iska. Kebul ɗin talabijin kuwa kada ma a kawo shi kusa, a ma'aunin turjiyar wuta shi om 75 ne, kayan watsawa om 50 suke.

Turken mita 30 ana ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta fuska uku, a binne ƙafafunsu cikin kankare kamar mita 20 daga gindi. A shafa masa ja da fari, a sa jar fitila a ƙoli, a kuma nemi izinin tsawo daga hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Ɗan Auta: Yaya Injiniya, to me ke kashe transmita? Na Maraɗi ya ambaci tsawa.

Injiniya: Abu huɗu: ruwa, tsawa, ƙura, zafi. Ruwan da ya shiga mahaɗin kebul da eriya yana sa wuta ta riƙa dawowa cikin transmita. Mitar SWR ce ke nuna hakan. In tana 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, ba laifi. A 2 ya kai kashi 11, a 3 kashi 25, a nan taransiston ƙarshe yake ƙonewa, kuma shi ne mafi tsada a cikin akwatin. A naɗe kowane mahaɗi da tef ɗin roba mai narkewa cikin juna, a bi da baƙin tef a kai, a lanƙwasa kebul ƙasa kafin ya shiga ɗaki don ruwa ya ɗiga waje. Mai aiki ya rubuta karatun mitar kullum da safe. Lambar da ke hawa a hankali gargaɗi ce.

Tsawa: sandar tagulla a ƙolin turke, faffaɗar tagulla ta sauko ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba, sanduna uku ko huɗu a binne. A auna, kada ya wuce om 10. Ƙasarmu mai yashi in ta bushe da rani lambar tana tashi, shi ya sa ake zuba gawayi a ramin ana kuma ba shi ruwa. Turke da transmita da inbata duk a haɗa su da waɗannan sandunan da aka binne, wuri ɗaya. In aka raba, wutar tsawar ta cikin kayan aikinka za ta bi don ta haɗa su da kanta.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, fanka ta gaji, zafin bazara ya ƙarasa aikin. A wanke matata duk mako daga Nuwamba zuwa Maris. Sannan a guji transmita mai araha marar tacewa: tana zubar da sigina sama da mita 108, ƙarshen zangon FM, inda jiragen sama suke magana, kuma wannan kaɗai ya isa a rufe tasha.

Barista: Kafin Injiniya ya kafa mana turke a kan filin da ba namu ba. A Najeriya, ƙungiyar tana yin rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a matsayin amintattu, da tsarin mulki a rubuce, sannan ta nemi lasisi a NBC. Doka ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, don haka in aka cika kwamitin amintattu da shugabannin jam'iyya ɗaya ko almajiran malami ɗaya, an ja wa takardun matsala. Mitar da za a riƙa kama tashar a kai hukuma ce ke bayarwa, ba a zaɓar wa kai. Garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya, Illela da Maigatari suna da ƙarin lura, domin siginarsu tana tsallakawa, kuma akwai tsarin rabon mitocin FM tsakanin ƙasashe da aka yi a Geneva a 1984.

Abu uku da nake so a gani a tsarin mulkin: takardar fili da ta kayan aiki da sunan ƙungiya, ba da sunan wanda ya bayar ba, wa'adin 'yan kwamiti, shekara uku, sau biyu iyaka, da sharaɗin cewa duk wanda ya sayi fom ɗin takara ya ajiye kujerarsa da shirinsa a ranar.

Ma'aji: Barista ya taɓo inda ke ciwo. Ga lissafin wuta tukuna. Transmita mai wat 300 yana jan kusan 550 daga soket. Miksa, kwamfuta, fankoki da fitilu, a ce 350. Jimla 900. Awa takwas a rana, kilowat-awa 7.2 ke nan. Da rana irin tamu, bayan an cire asarar zafi da ƙura, ana bukatar farantan sola na kusan wat 2000, wato biyar masu wat 400. Tunda awa biyar daga ciki da dare ne, batir zai riƙe kilowat-awa 4.5. Batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi, saboda haka guda huɗu masu 200Ah. Kuma zafi yana cin su: duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage rayuwarsu da kusan rabi. Tashar da ba ta ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shigarta don sauya batir, ta riga ta sa ranar rufewarta.

Kuɗin shiga na gaskiya ƙanana ne masu yawa: sanarwar ɗaurin aure, suna, rasuwa, cigiyar dabba ko yaro, katin gaishe-gaishe, kuɗin ƙungiyoyin masu sauraro, da buhun gero ko dawa daga kowace mazaɓa bayan girbi, a ajiye a sayar da bazara. Rasit mai kwafi uku, ɗaya ga mai sanarwa, ɗaya ga situdiyo, ɗaya ga ma'aji. Ba a karanta sanarwar da ba ta da lambar rasit, in ba haka ba kuɗin a aljihun mai gabatarwa yake ƙarewa. Mutum biyu cikin uku su sa hannu a banki. Duk wata uku a karanta lissafin a iska, kowa ya ji.

Ƙa'idata: kada hanya ɗaya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tasha. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In shugaban ƙaramar hukuma ne ke sayen man janareta, ranar da mata suka zo ƙorafin asibitin da ba magani, manaja da kansa zai ce a ɗage shirin.

Ɗan Zamani: Ku yi haƙuri dattawa, amma duk wannan wahala don me? Kowa da waya a hannu. A buɗe shafi a Facebook, a riƙa tura murya ta WhatsApp, ba lasisi, ba turke, ba tsawa.

Hajiya Mai Shiri: Ƙanena, “kowa” ɗin nan naka samari ne. Je ka ƙirga wayoyin da ke cikin gida ɗaya a ƙauye, ka ga a aljihun wa suke kwana. Rediyo batir biyu take ci, ba ta neman data, ba ta neman karatu, mace tana surfe tana ji. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato, da me mutane suka riƙa jin abin da ke faruwa? WhatsApp hannun tasha ne na karɓar saƙo, ba madadinta ba ne.

Amma ni ma ina da tawa da ku maza. Kun yi turke, kun yi kwamiti, ba wanda ya ce wa zai yi magana. In aka buɗe layi aka ce kowa ya kira, mutum goma sha biyar ne za su mamaye shi, masu kati a waya, kullum su, har an san gaisuwarsu. Sai tasha ta ɗauka ta ji ra'ayin gari. A ajiye littafi: wa ya kira, daga wace mazaɓa, namiji ko mace. Bayan wata ɗaya a duba, za a ji kunya. Maganinsa a ce a yi filashin, tasha ta kira da kuɗinta, ana zagaya mazaɓu, a kuma ware kwata na ƙarshen shiri ga mata kaɗai.

Matan kulle kuma ba za su zo situdiyo ba, situdiyo ce za ta je musu. Mace biyu a kowace mazaɓa, da 'yar rakoda ko waya, bayan an nemi izinin masu gida. Makirfo ɗani ɗaya daga baki, a juya wa iska baya, a nisanci injin markaɗe. A faɗa wa mace tun farko cewa muryarta za ta fita kuma maƙwabta za su gane ta. In maganar ta shafi haihuwa ko zaman aure, wata ta karanta a madadinta. Lokaci kuma: shirin mata da hantsi, bayan an sallami yara, kafin ɗora tukunyar rana. Shirin manoma da damina bayan isha'i, don da safe suna gona. Jadawalin da bai sauya tsakanin rani da damina ba, daga birni aka kwafo shi.

Baba Furodusa: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya kan yadda ake faɗar abu. Malamin gona zai zo ya ce a sa giram 6 na takin NPK a kowane rami. Manomi ba shi da sikeli. Mai gabatarwa ya ce cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, shi ke nan an fahimta. Haka farashin kasuwa: da tiya ko mudu ko kwano, wanda garin ke awo da shi, a faɗi ranar da aka ɗauko, a kwatanta da kasuwar Dawanau ko ta Mai'aduwa. Kuma a gayyato manomin da ya gwada abin ya faɗa da bakinsa, har da inda bai yi ba. Mutum ya fi yarda da wanda ya san gonarsa.

Ɗan Arɗo: Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan Auta ya ce akwai rugage, amma har yanzu ba a dawo kansu ba, kuma haka ake yi a tashoshin ma. A ba Fulfulde minti goma sha biyar ranar Talata da azahar, lokacin da makiyayi ke daji, a cika shi da kiɗa, a ce an wakilta. Wakilci shi ne kujera a kwamitin shirye-shirye, wadda rugage suka zaɓa da kansu, da sanarwa mai amfani cikin harshensu da asuba ko bayan magariba: ranar rigakafin dabbobi da wurin, rijiyar da ta lalace, burtalin da aka nome, farashin kara.

Sai kalmomi. “Shanu sun shiga gonar wane a gari kaza, an kai magana gaban mai gari” labari ne. In aka sa sunan ƙabila a madadin sunan mai laifi, an hura wuta. Maganar ɓarna ba a sa ta kai-tsaye ta waya. A ɗauki ɓangare biyu, a sa su cikin shiri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. In ɗaya bai samu ba, a jira.

Na Maraɗi: Gaskiya ne. A Nijar akwai ranar sakin gonaki ga dabbobi da hukuma ke tsaidawa bayan girbi, kuma akwai kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Rabin rigima daga rashin sanin ranar take tasowa, manomi bai kwashe ba, makiyayi ya ji an ce an saki. Tasha ta maimaita ranar da Hausa da Fulatanci da Buzanci, safe da dare, mako biyu kahin ta zo. Tashoshi da yawa kuma suna karɓar shirin Studio Kalangou daga Yamai tun 2016, cikin harsuna biyar. Shina da amfani, amma kada shirin waje ya cinye awowin dare, su ne na gari.

Barista: Ban yarda da Ɗan Arɗo ɗari bisa ɗari ba. In an ce sai ɓangare biyu sun yi magana, mai ƙarfi zai riƙa ƙin magana don ya kashe labari. A ba shi kwana biyu, a rubuta lokutan da aka neme shi, sannan a sa shirin a ce an neme shi bai amsa ba.

Ɗan Arɗo: Ga jami'in gwamnati na yarda, Barista. Ga rikicin gona da kiwo ban yarda ba. Wanda ke daji ba ƙin magana ya yi ba, ba a kai gare shi ba ne. A hau babur a je.

Baba Furodusa: Ku biyun kuna da gaskiya, kowa a gonarsa, kuma a rubuta bambancin a ƙa'idar aiki. Wanda ya san yadda tashar rediyon RTLM ta ingiza kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Mai martaba kuma a ba shi matsayin uban tasha, kada a ba shi shugabancin kwamiti, don a samu inda za a kai ƙara in an saɓa, kuma talaka ya iya kawo kukan filinsa. Masu maganin gargajiya su ne suka fi kowa biya a kan lokaci, su ne kuma suka fi jawo wa tasha magana: ba lambar NAFDAC ba talla, ba batsa, ba “yana warkar da kowace cuta”. Lokacin zaɓe, farashi ɗaya da minti ɗaya ga kowace jam'iyya, a tsaya awa 24 kafin jefa ƙuri'a.

Injiniya: Kan kiran waya, abu biyu. Muryar da ake mayar wa mai kira kada ta haɗa da tasa, a cire ta a miksa, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta hana shi magana. Sannan a jinkirta fitar sauti da daƙiƙa bakwai ta kwamfuta, don in wani ya ɓarke da zagi a datse kafin ya fita. Duk abin da aka watsa a naɗe shi a ajiye wata uku. A ƙaramin inganci, awa takwas ba ta kai megabait 250 ba, faifai ɗaya zai ɗauki shekara. Ranar da aka ce tasha ta ce kaza, shi ne shaidarku.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai. To takardun lasisi suna ɗaukar lokaci. Kafin su fito me za a yi? A ɗan kunna da ƙaramin ƙarfi don gwaji?

Barista: A'a. Ko wat ɗaya ne laifi ne, za a kwashe kayan, kuma zai bi takardunku.

Hajiya Mai Shiri: A sayi rakoda uku da lasifika ɗaya. A horar da mutum ashirin, don cikin wata shida rabi za su watse, wasu aure, wasu ci-rani. Duk mako su haɗa shirin minti talatin, a kunna shi ranar kasuwa a tashar mota, a tura wa ƙungiyoyin masu sauraro a katin waya su ji a zaure da tsakar gida. A fara da mazaɓar da ta fi nisa da hedikwata.